Agogon Hajiya na turo bayanan lafiyarta wayata, sai na faɗa mata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saya wa mahaifiyata agogon zamani mai auna bugun zuciya saboda tana fama da hawan jini. Da wayata na haɗa shi, duk sanda na shigo gida sai bayananta su sauko mini. Ba ta san ina gani ba. Akwai laifi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Amma ka faɗa mata, yau ɗin nan.

Agogon nan ba bugun zuciya kaɗai yake ɗauka ba. Ya san ƙarfe nawa ta kwanta, sau nawa ta farka, da ranar da ko tsakar gida ba ta taka ba. Tashin da take yi ƙarfe 3 na dare, tsakaninta da Ubangijinta, yana nan a allon wayarka. Ta yiwu ba ta so kowa ya sani, kuma haƙƙinta ne.

Sannan ba kai kaɗai ke gani ba. Ranar da ka danna alamar amincewa a manhajar agogon, a madadinta ka amince, kuma yawancin manhajojin nan rumbun kamfaninsu suke tura bayanai, galibi a ƙetare. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, ta kuma ba mai su damar janye amincewarsa. Mai su a nan Hajiya ce. Kada ka raina abin: a 2018 taswirar motsa jiki ta manhajar Strava ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, daga sassarfar sojoji kawai. Da Google zai sayi Fitbit, kamfanin da ke ƙera irin waɗannan agoguna, kuwa, sai da Tarayyar Turai ta gindaya masa sharaɗin kada ya yi talla da bayanan lafiyar mutanenta har shekara 10.

Ka zauna kusa da ita, ka buɗe manhajar, ka nuna mata da Hausa abin da kake gani, ta zaɓi wanda ta yarda da shi. In ta ce bugun zuciya kaɗai, ka kashe na barci. Ka shiga saitin wayar ka hana manhajar ganin lambobin mutanenka, da hotuna, da makirufo. Ba ruwan awon zuciya da su.

In kuma agogon na nuna awon jini ko na suga, kada ta canza shan magani a kansa. A 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan agogunan da ke ikirarin auna suga ba tare da huda fata ba. A ci gaba da awon hawan jini da na'urar ɗaura wa dantse, a kai wa likitanta sakamakon.