An yanke mini tumbi, yanzu fata ta zube

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekarata 38, ina zaune a Hindawiya, Jidda. Wata goma ke nan da aka yi mini takmim, wato tiyatar rage tumbi, na sauko daga kilo 128 zuwa 86, suga ta lafa. Amma fatar cikina ta zubo har kan cinya, ta damtse kuma sai lilo take yi kamar tsumma. Ƙarƙashin cikin ya yi ja, ga ƙaiƙayi ga wari, ko a gaban maigida ba na iya cire riga. Na sayi man shafawa na riyal 300, shiru. In je a yanke ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Riyal 300 dai sun tafi, kada ki ƙara ko kwabo. Fatar da ta yi shekaru a miƙe kamar robar wando ce da ta saki. Zaren kolajin da ke riƙe da ita ya lalace, babu man da zai ɗinke shi.

Jan nan shi ya fi damuna. Kin san gumin Jidda, fata na gogar fata, wuri ba ya bushewa, sai ƙwayar cuta irin ta makero ta samu gida. Bayan wanka ki ɗaga fatar da hannu ɗaya, ki tsane da tawul, ki tsaya gaban fanka har ya bushe ƙarau, sannan ki sa ƙyallen auduga a tsakani. A saidaliyya, wato kantin magani, ki nemi man shafawa na clotrimazole. Haɗin masu bilicin kuwa, nesa da shi. In wurin ya fara ruwa ko zazzaɓi ya zo, sai asibiti. Ki riƙa ɗaukar hoto, ki adana takardun likita, su ne shaidar cewa lalura ce in aka zo maganar inshora.

Yanka kuma da saura. Bayan takmim jiki kan ci gaba da sauka har wata 12 zuwa 18, kuma likitoci sun fi son nauyi ya tsaya cak kamar wata 6. In aka yanke yanzu kika ƙara ramewa, wata fatar za ta zubo. In kina da niyyar ƙara haihuwa, ki bari sai kin gama. Kafin nan ki dage da furotin, giram 60 zuwa 80 a rana: ƙwai, kifi, kaza, laban (nono). A auna jininki, sinadarin ƙarfe da bitamin B12 da D, don jikin da ya rasa su ba ya warkar da ɗinki da wuri. Ɗaga ƙarfe zai ɗan cika damtse, amma ba zai kwashe ta ciki ba.

Abin da masu talla a Snapchat ba sa nunawa shi ne tabo. Na ciki daga ƙugu zuwa ƙugu yake, na hannu daga hammata zuwa gwiwar hannu. Mu baƙaƙe kuma tabonmu kan kumbura ya yi tudu. Dubi hujin kunnenki ko wani tsohon ɗinki, in ya taɓa tudu ki nuna wa likitan tun ranar farko. Shi ma ki tabbatar yana da lasisin hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya a fannin tiyatar gyaran jiki.

In zuciyarki na ɗar-ɗar kan halacci, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke nan Jidda ta halatta tiyatar da ke kawar da cutarwa tun a zamanta na 2007 a Malesiya. Ranar ganin likita ki tafi da maigidan, ya ji bayanin tabon da kunnensa.