Ku Tambayi Mai Hoto: Baƙar kyamarar mahaifina ta fara yin rawaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya bar mini kyamararsa ta fim, Nikon F2 baƙa, wadda ya yi shekaru yana ɗaukar hotunan biki da suna da ita. Kusurwoyinta da wajen da ake ɗaura igiya duk fentin ya goge, wani ƙarfe rawaya ya fito. Tsatsa ce? Wani mai fentin mota a layinmu ya ce in kawo ya fesa mata baƙi ta koma sabuwa. In ba shi?
Daga mai karatu a Gangare, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Ɗana, kada ka kai ta. In ma ka riga ka kai, ajiye mujallar nan ka je ka karɓo ta.

Abin da kake gani ba tsatsa ba ce, tagulla ce. Nikon F2 ta fito a 1971, kuma murfinta na sama da na ƙasa da tagulla aka yi su, wato jan ƙarfe da aka haɗa da tutiya, sannan aka shafe da baƙin fenti. Fentin nan siriri ne, hannu da tufafi suna cinsa a hankali. Tagulla ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Iyakarta ta dushe, ko ta yi kore-kore in ta daɗe cikin danshi.

Ina da Olympus OM-1 baƙa da ta yi haka. Daidai inda babban yatsana yake sauka kusa da hannun naɗe fim, nan ta fara yin rawaya, sai gefen da ke gogar ƙirjina. Duba taka da kyau, za ka ga inda mahaifinka yake riƙe ta. Ni dai da wannan ya isa ya hana ni fesa ta.

Amma ba kowane baƙi ne yake tsufa da kyau haka ba, kuma launin da ya fito daga ƙasa shi ke gaya maka da me aka yi kyamara. Akwai baƙin da ba fenti ba ne, ruwan ƙarfe ne ake ɗorawa da lantarki, ana ce masa baƙin kurom. Leica, kamfanin kyamara na Jamus, ta yi amfani da shi a kyamararta M5 ta 1971. Ya fi fenti juriya nesa ba kusa ba, sai dai ranar da ya gaji toka-toka yake komawa, kamar tsohuwar tukunyar da aka kankare. Leica M6 da ta fito a 1984 kuwa murfinta na tutiya ne, kuma wasunsu sukan yi ƙuraje a ƙarƙashin baƙin, su kumbura. Wannan ciwo ne na gaske, domin ƙarfen ne yake cin kansa. Canon AE-1 ta 1976, wadda masu hoto da yawa suka fara sana'a da ita, murfinta na sama roba ce aka lulluɓe da ƙarfe siriri kafin a yi fenti. Manyan kyamarorin zamani da samari ke yawo da su wajen biki galibi ƙarfen magnesiyam ne aka fente, shi ya sa in sun ƙuje sai ka ga fari-fari marar kyan gani. Saboda haka taka tana cikin masu sa'a.

Abin dariyar ma shi ne, wannan gogewa da kake son rufewa wasu kuɗi suke biya su same ta. A 2003 Leica ta fitar da MP mai baƙin fenti a kan tagulla, da sanin cewa zai goge. A 2015 kuma ta fitar da wata guda 125 kacal, sabbi fil, an bi kusurwoyinsu da hannu an goge su tun daga masana'anta don su yi kama da tsofaffi. Har 'yan damfara sun gane kasuwar, sukan bi kyamara da samfefa. Gane su ba wuya: gogewar gaskiya tana wurin yatsa da igiya da kusurwa, gefenta santsi, ta ƙarya kuwa ko'ina take, har inda hannu bai taɓa kaiwa ba.

Shi mai fentin mota ba mugunta yake nufi ba, aikin ne ba nasa ba. Fentin mota yana da kauri, zai cike lambobi da rubutun da aka zana a jiki, ƙurarsa ta shiga madubi da labulen ciki da ke buɗewa haske ya kai ga fim, madannai su daskare. Masu sake fentin kyamara na gaske sai sun kwance murafen ɗaya bayan ɗaya, sun cire tsohon fentin kaf, sun gasa sabon. Ko an yi hakan ma, mai saye ya fi son fentin asali.

Abin da za ka yi kaɗan ne. Da hunturu ƙurar Jos kamar yashi take, don haka fara kaɗe ta da buroshi mai laushi kafin ka sa ƙyalle, in ba haka ba kai ne za ka zama samfefar. Goge gumi bayan kowace fita. Sa 'yar fata tsakanin zoben igiya da jikin kyamara. Kada ka taɓa ta da man goge tagulla, ko ruwan cire jan farce, ko hannun da ka shafa wa maganin sauro mai sinadarin DEET, domin yana narkar da fenti da roba. In Agusta ya kama ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitar da ita daga jakar fata, fata tana riƙe danshi.

Kuɗin da ka ware na fenti, kai wa mai gyaran kyamara ya sauya soson ƙofar baya da ke tare haske, don na wancan zamanin yakan narke ya zama kamar kwalta. Yau ɗin nan kuma juya ta ka buɗe ɗan murfin batir da ke ƙasa. In tsofaffin batura biyun nan suna ciki tun zamanin marigayi, cire su.