Ƙara wa injin da ba shi da turbo ƙarfi

Malam, ka tambaya ko in an sauke injin motarka za a iya ƙara masa ƙarfi ba tare da turbo ba, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska. Ana iyawa, amma kada ka sa ran abin mamaki.

Irin wannan injin da numfashi yake rayuwa. Fara da kan silinda, wato murfin saman injin: a gyara hanyoyin iska, a wasa bawul, ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, su zauna daram. Sai a sa kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, irin mai barin su su daɗe a buɗe, da fistin mai ƙara matse iska da fetur a cikin silinda. Nan fa a yi hattara. Matsi in ya fi ƙarfin fetur ɗin, za ka ji injin yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, fistin ne ke shan wuya. In an haɗa, a sake saita kwamfutar motar, in ba haka ba kuɗin kamshaf ya bi ruwa.