Likitan Allura Na Fim Ɗin Koriya: Tarihi Ne Ko Ƙirƙira?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli wani fim na Koriya ta Kudu mai suna Live Up to Your Name, inda wani mai magani na zamanin da ya tsinci kansa a birnin Seoul na yau, yana warkar da mutane ta hanyar soka musu siraran allurai a wasu wurare na jiki. Shin an taɓa yin wannan mutum? Kuma mahaifiyata tana fama da hawan jini, ko irin wannan magani zai iya maye gurbin ƙwayoyin da take sha? Daga Hadiza, Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza, Allah Ya ba Mama lafiya. Shirin da kike magana a kai tashar tvN ce ta haska shi a shekarar 2017, kashi 16, kuma Kim Nam-gil ne ya fito a matsayin Heo Im, wato mai maganin da kika gani, Kim Ah-joong kuwa ta fito a matsayin likitar tiyatar zuciya. Tsallake shekaru 400 da ya yi ƙirƙira ce ta marubuta, amma shi Heo Im ya rayu da gaske a tsohuwar daular Koriya ta Joseon. Ɗan talakawa ne, ya ga yaƙin mamayar da Japan ta fara a 1592, gwanintarsa ta kai shi har fada yana duba sarki, sannan a 1644 ya fitar da littafi kan maganin allura da na ɗumama jiki da ƙonannen ganye. Tsohon likita Heo Jun da ya bayyana a fim ɗin shi ma mutum ne na tarihi, wanda aka buga babban littafinsa Dongui Bogam a 1613, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya littafin cikin kundinta na adana tarihin duniya a 2009.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne yadda Koriya ta riƙe wannan gado. Mai son zama likitan gargajiya a can sai ya yi shekara 6 a jami'a, ya ci jarrabawar ƙasa, a ba shi lasisi, kuma tun 1987 inshorar lafiya take biyan kuɗin allura da ƙaho. Ƙahon nan kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu, domin wanzamanmu na Adar suna yin sa a kasuwa da cikin gidaje, sai dai iliminsu yana bin baki ne daga uba zuwa ɗa, ba a rubuta shi ba balle a tantance shi, kuma wannan asara ce da take damuna ƙwarai.

Game da Mama kuwa, kada ta daina shan ƙwayoyinta. Bincike ya nuna allurar nan tana iya rage wasu ciwuka masu daɗewa, kamar na baya da gwiwa, amma ba ta buɗe jijiyar zuciya da ta toshe, kuma hawan jinin da aka bari babu magani yakan kai ga shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda. A riƙa auna mata jini a kai a kai, ta rage gishiri da dunƙulen miya, kuma in tana shan wani saiwa ko jiƙo, a faɗa wa likitanta sunansa. In ta nemi ƙaho, a tabbata sabuwar reza aka ɓare a gabanku, saboda ciwon hanta da ƙanjamau suna bi ta jini.