Tambaya da Amsa: Makullai da igiya a kejin aku

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekara biyu ke nan da maigidana ya kawo mini aku. Yara sun rataya masa tsofaffin makullai da 'yar ƙararrawa da igiyar auduga don ya riƙa wasa. Kwanan nan na ga yana warware igiyar, yana kuma gurgurar wayar kejin. Ko akwai matsala? Daga wata mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai matsala, kuma don Allah a cire igiyar nan yau, kada a bari sai gobe. Na taɓa kiwon wata tsirya, zare ɗaya ya naɗe mata yatsa cikin dare, kafin na farga yatsan ya yi baƙi saboda jini ya daina zuwa. Ƙarshe dai ta rasa shi, kuma har yau abin yana damuna. In kuwa tsuntsu ya haɗiye zaren, taruwa yake yi a maƙoƙonsa ya toshe hanyar abinci.

Aku ba shi da hannu, da baki yake bincika komai. Makullai masu ruwan tagulla galibi akwai tutiya (ƙarfen da ake lulluɓe kwanon rufi da shi) a cikinsu, wasu har da dalma, kuma dukansu guba ne ga tsuntsu. Zoben da ake zura makullan ma yakan kama baki ko farce. Ita kuma ƙararrawa, ɗan ƙarfen cikinta ba ya ɗaukar wa aku lokaci ya ɓalle shi ya haɗiye.

Wayar kejin ta fi tayar mini da hankali. In irin ragar kejin kaji ce, to an lulluɓe ta da tutiya, kamar dai kwanon rufi. Ki duba ko akwai wani farin gari a jikinta, ko fenti yana ɓamɓarowa. Wankewa da burushi yana rage shi, amma ba ya kawar da haɗarin. In da hali, a je kasuwar Panteka da ke Kaduna a nemi a haɗa masa keji da ƙarfe marar tsatsa, irin na cokulan cin abinci. Ya fi tsada, sai dai aku yana iya haura shekara 40 a raye.

Kada kuma a bar shi babu abin yi, don akun da kewa ta ishe shi fige gashinsa yake yi. A saro masa rassan gwaba ko zogale daga itacen da ba a yi wa feshin magani ba, a wanke, a shanya a rana. A haɗa kauri daban-daban don ƙafafunsa su riƙa hutawa. Ban da reshe ko ganyen fiya, guba ce gare shi. A damina, musamman cikin Agusta, duk itacen da ya yi funfuna a jefar, domin tana kama huhunsa.

Idan kika ga ya yi la'asar, yana amai, yana yawan shan ruwa, ko kashinsa ya koma kore sosai, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ki tafi da makullan da ƙararrawar, likita zai so ya gan su.