Kalmar "nonsense": zagi ce ko kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun muna firamare, in malami ya fusata sai ya daka mana tsawa da "nonsense!", mu kuma muka ɗauke ta zagi. Kwanaki wani Bature da muke aiki tare ya kira shugabarmu "a no-nonsense woman" a gabanta, sai na ga ta yi murmushi har da godiya. Mece ce ainihin ma'anar kalmar, kuma daga ina ta fito?

Amsa: Wa alaikumus salam. Shugabarku ta yi daidai da ta yi godiya, don yabo aka yi mata. Amma bari mu faro daga tushe.

Kalmar guda biyu ce aka haɗa. "Non" daga Latin take, aikinta korewa, kamar "maras" a Hausa. "Sense" kuwa ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci, asalinta kalmar Latin ce "sensus", daga "sentire", wato ji. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, tunda mu ma in mun ce "na ji" muna iya nufin kunne, muna iya nufin fahimta. Haɗaɗɗiyar kalmar ta fara bayyana a rubutun Turanci a farkon ƙarni na 17, cikin shekarun 1610.

Abu biyu take ɗauke da su. Akwai sambatu irin na mai zazzaɓi, surutun da babu abin kamawa a cikinsa. Akwai kuma maganar da ta tsaru tsaf amma hankali bai ɗauka, wadda muke kira shirme ko soki-burutsu. Masanin harshe Noam Chomsky ya kawo misalin wannan a 1957 da jimlar "Colorless green ideas sleep furiously": tunani kore marar launi yana barci a fusace. Nahawu bai karye ba, ma'ana ce ta ɓace. Ka lura kuma ba ɗaya take da ƙarya ba. Maƙaryaci ya san abin da yake faɗa, kuma maganarsa na iya shiga hankali sarai.

A Ingila har adabi aka yi da shirme da gangan don nishaɗin yara. Edward Lear ya fitar da littafinsa A Book of Nonsense a 1846.

Inda muka sha bamban da masu harshen shi ne wajen wanda ake jifa da ita. A wurinsu magana ko aiki take hukuntawa, ba mutum ba. Kaka 'yar Ingila na iya ce wa jikanta "nonsense!" in ya ce ba ya jin yunwa, tana kuma ƙara masa abinci a faranti. Mu a Najeriya muka mai da ita zagi, har ka ji direba ya leƙo ta taga yana cewa "nonsense man". Turancinmu ne na gida, kowa na ganewa, amma kada ka kai shi jarrabawa. Siffar da ake karɓa a rubutu ita ce "nonsensical".

Galibi ba a ƙirga ta, don haka ka guji "nonsenses". Ka ce "a lot of nonsense" ko "a piece of nonsense". Fi'ilin da ya fi dacewa da ita "talk" ne: "he is talking nonsense".

Ita kuwa "no-nonsense" siffa ce ta wanda bai ɗaukar wargi, mai yin aiki ba kwana-kwana. Abin da Baturen ya gani ke nan a shugabarku. Sai dai ko a Ingila, ka ce wa na gaba da kai "nonsense" a taron ofis rashin ladabi ne. In ba ka yarda da maganarsa ba, "I don't think that's right" ta wadatar.