Tambayi Mai Gyara: Ram da ya ƙi tashi, laftof mai mutuwa da rana, da cajar da Dell ba ta sani ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan makon. Saƙonni sun taru sosai, wasu ma ban kai ga buɗe su ba don shago ya cika, ga zafi ga ɗalibai suna rubuta furojet, kuma kun san laftof ba ta tashi lalacewa sai ranar da ake buƙatarta. Na tsamo guda biyar, kuma abin da na lura kusan duka an riga an sayi kaya kafin a duba ina ciwon yake.

Tambaya daga wani ɗan koyo a Mabera, nan Sakkwato: Oga barka da aiki. Ni yaro na a shagon gyara, watana shida ina koyo. Wani kwastoma ya kawo HP EliteBook 840 G1 wai tana nauyi ƙwarai sai an daɗe kafin ta gama tashi, maigidana ba ya nan sai na ce mishi ram na matsalar, ya ba ni kuɗi na sayo 8GB na saka, yanzu ko tashi ba ta yi, fitila na kamawa fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin. Don Allah mi zan yi kafin oga ya dawo daga Illela?

Ƙanena kwantar da hankalinka, ba ka kashe komai ba. Cire caja, ja makullin da ke ƙasan laftof ɗin murfin ya zame, wannan samfurin ma ba ya buƙatar sukudireba, ka cire batir sannan ka zare sabon ram ɗin, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ka bar tsohon, in sha Allah za ta tashi. To yanzu ɗauki wanda ka sayo ka karanta 'yar takardar da ke manne a jikinsa. Ina da yaƙinin za ka ga PC3 kawai, na cikin laftof ɗin kuma PC3L, wannan harafin L ɗin guda ɗaya shi ne duk rigimar. DDR3 na asali, wato PC3, yana cin wuta volt 1.5, shi kuwa DDR3L, wato PC3L, volt 1.35 yake ci, kuma firosesa, wato injin lissafin da ke cikin 840 G1, ta ƙarni na 4 ce, mai L ɗin take so. Abin da ke yaudarar mutane shi ne dukansu haƙora 204 ne da su kuma tsagar wuri ɗaya take, sai ya shiga ramin tsaf kamar nasa ne amma aiki babu. Da DDR4 ka sayo ma da ka huta, don shi haƙoransa 260 ne tsagarsa daban, ba zai shiga ba balle ka wahala. Koma wurin mai kayan da ladabi ka ce a canza maka da wanda aka rubuta PC3L-12800S, ka tafi da laftof ɗin a gwada a gabanka. Ramuka biyu gare ta, tana ɗaukar har 16GB.

Amma fa maganar da ta fi wannan, wa ya ce maka ram ne ciwon tun farko? Nan ne zan ɗan ja kunnenka. Laftof da ke daɗewa kafin ta tashi, ka danna abu sai ka yi salati uku kafin ya buɗe, yawanci had-dis ne, wato ma'ajiyar fayiloli. Da ka danna Ctrl da Shift da Esc tare ka shiga Task Manager da ka gani da idonka, in Disk, wato had-dis, ya maƙale a kashi 100, Memory kuma, wato ram, tana wajen rabi, to ko ram ɗin duniya ka zuba mata ba abin da zai canza. Tsohon had-dis faifai ne ke juyawa a ciki sau 5400 a minti da allura tana bin sa, da ƙyar yake wuce 100MB a daƙiƙa, SSD na SATA kuwa, wato sabuwar ma'ajiyar da ke maye gurbin had-dis, ba abin da ke motsi a cikinsa kuma yana kai wajen 550MB, ga shi ba ya tsoron jijjigar kabu-kabu a hanyar Dundaye. Ka faɗa wa kwastoma gaskiya, SSD mai inci 2.5 ko da 256GB ne zai fi masa amfani, tsohon had-dis ɗin a saka shi a ɗan gida na USB ya zama ma'ajiya. Kuma in oga ya dawo kai da bakinka ka ba shi labari, kar ya ji a bakin kwastoma.

Tambaya daga wata ɗalibar Jami'ar Usmanu Danfodiyo: Malam ina wuni. Laftof ɗita da dare lafiya lau take aiki amma da rana daga azahar sai fanka ta riƙa ihu kamar injin markaɗe, ta yi zafi sai ta mutu da kanta, wani ya ce bairos na a yi fomatin, an yi har sau biyu kuma ba ta daina ba. Ƙawata ta ce in riƙa sa ta cikin firij na ɗan lokaci.

Malama don girman Allah kar ki sa ta a firij. Kin ga yadda robar ruwan sanyi ke zufa in an fito da ita? Haka madabod ɗinki, wato babban allon da kayan cikin laftof ke jone a kansa, zai yi raɓa a ciki, ki kunna wuta ta haɗu da ruwa, garin neman gira a rasa ido. Fomatin ɗin nan biyu kuma kuɗinki kawai aka ci, bairos bai san azahar ba.

Abin da ke faruwa shi ne fankar tana zuƙo iska ta ƙasa ta hura ta cikin wasu siraran ƙarafa da ke ƙarshen bututun jan ƙarfe, shi bututun ne ke kwaso zafi daga kan firosesa. To mu nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu muke shaƙa mu da na'urorinmu, tana taruwa a bakin ƙarafan nan ta haɗu da zare da gashi ta zama kamar ɗan bargo, lokacin sanyi ba za ki ji komai ba don iskar da kanta mai sanyi ce, sai Maris da Afrilu sun shigo gari ya wuce digiri 40 sannan asiri ya tonu. Firosesa in ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu don ta tsira, in abin ya ƙi sai ta kashe kanta gaba ɗaya, wato mutuwar da kike gani kariya ce ba lalacewa ba. Shi ya sa duk shekara shagunanmu ke cika da irin wannan matsalar a lokaci ɗaya kamar an yi shela.

Ki kai a buɗe a cire fankar a share bayan ƙarafan da burushi, ba wai a tsaya daga waje a hura bulowa ba, wannan tura ƙurar ciki yake yi. 'Yan uwana masu gyara kuma in za ku hura ku danne fankar da yatsa, barinta tana wulwulawa da ƙarfin bulowa na cinye mata ƙafa, bayan sati ta fara ƙara. Sai a goge tsohon fes ɗin da ya bushe a kan firosesa, wato man da ke miƙa zafinta ga bututun, da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa, ba a shafe shi kamar ana shafa wa burodi bota ba, a ɗaure sukurorin bisa lambobin da aka rubuta a jiki 1, 2, 3, 4 don ya zauna daidai. Na taɓa buɗe wata na tarar an shafa makilin, wallahi har ƙamshin na'ana'a take yi, ya bushe ya zama kamar alli. Ke kuma naki aikin, ki daina ɗora ta kan katifa ko filo ko sallaya, ko faranti ki samu ki ɗora ta ki ɗan ɗaga bayanta iska ta samu hanya. Akwai manhaja kyauta HWMonitor, ki sa a duba zafin kafin gyara da bayan gyara a gabanki, ta nan za ki san an yi aiki ko wanka kawai aka yi mata.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Arkilla: Injiniya cajar Dell Latitude ɗina ta ɓace na sayi wata a kasuwa, bakin ya shiga daidai laftof na kamawa amma batir ba ya ƙaruwa kuma ta koma nauyi. Har na sayi sabon batir, duk ɗaya.

Yallaɓai batirinka na farko lafiyarsa ƙalau, ajiye shi. Leƙa cikin bakin cajar za ka ga wata siririyar allura a tsakiya, ba wuta take kai wa ba, ta nan caja ke gaya wa laftof ni ce wance kuma wat kaza nake bayarwa. In cajar jabu ce ko allurar ta karye ko wayarta ta tsinke a ciki, Dell sai ta ƙi cajin batir ta kuma rage gudun firosesa, ka ga alamominka biyu ke nan. Kunna ta ka riƙa danna F2 ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ke zuwa kafin Windows, wajen bayanin batir za ka ga AC Adapter, in ya nuna 65W ko 90W lafiya, in ya ce Unknown to ka aro cajar Dell ta asali ka gwada. In da ita ma Unknown ne to ramin cajin laftof ɗin ne, a mafi yawan Latitude ɗan guntu ne mai waya ana cire shi a sa wani ba sai an taɓa madabod ba. Wajen sayen caja volt ne dole ya zo daidai, Dell da HP yawanci 19.5, Lenovo 20, amfiya kuwa in ta fi yawa ba laifi laftof iya cikinta take ɗiba, ƙarancinta ne matsala. Cajar nan mai baki goma da ake murɗa volt da hannu ni dai ba na barin ta kwana a shagona, araha ba ta ado.

Tambaya daga wani mai gyara a Bodinga: Abokin aiki, na canza wa kwastoma sikirin da ya fashe, sabon ya ƙi haske, amma in na haska tocilan ina ganin hoto dishi-dishi. Na maida tsohon shi ma yanzu ba haske alhali ɗazu yana yi.

Abokina ba ka cire batir ba ko? Kar ka ji kunya ni ma ta taɓa ci na, shekarun baya ina sauri za a tada sallar la'asar mai laftof na tsaye a kaina, na ce ai a kashe take, na zare wayar sikirin na ji ɗan ƙas, shi ke nan ranar kuɗin aikin da na cefane duk a kanta suka ƙare. A laftof da yawa layin wutar fitilar sikirin na nan da rai ko an kashe ta muddin batir na jone, wayar ta ɗan karkace haƙori ya taɓa na kusa da shi sai fiyus ya tafi. Hoton da kake gani da tocila albishir ne, yana nufin sikirin da sashen hoto suna aiki fitilar ce kawai ba wuta. Duba kusa da inda wayar sikirin ke shiga madabod, akwai ɗan ƙaramin fiyus yawanci da harafin F a gefensa, sa mitar awon wuta a kan ƙara ka taɓa ƙafafunsa biyu, in ba ta yi kuka ba ya ƙone. Kafin ka sa sabo auna tsakanin layin da giraun ɗin madabod ka tabbatar ba shot, wato ba su haɗe ba, kuma na san za a ce maka ka haɗe shi da silin waya a wuce wurin, yana yi, amma ranar da wani abu ya sake faruwa madabod ne zai zama fiyus ɗin. Gaba in za ka yi odar sikirin daga Kano ko Kwamfuta Bilej ta Ikeja ka tura hoton lambar da ke bayan tsohon, kar ka ce inci 14 kawai, akwai mai haƙora 30 akwai mai 40 kuma ba sa shiga wa juna.

Tambaya daga wani dattijo mai shagon buga takardu kusa da babbar kasuwa: Ɗana, kwamfutocina Core i7 na amma an ce ba su ɗaukar Windows 11. Ana iya canza musu firosesa?

Baba Allah ya ƙara girma. A laftof na shekarun nan ba a iyawa, firosesar a like take da dalma a jikin madabod, canza ta canza madabod ne gaba ɗaya kuma kuɗin bai cancanta ba. Sunan i7 ɗin kuma shi kaɗai ba ya faɗin komai, lambar da ke biye da shi ake dubawa, i7-6600U ƙarni na 6 ce mai ƙwaƙwalwa biyu, i5-8250U kuwa ƙarni na 8 ce mai huɗu, wato wannan i5 ɗin ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi, 'yan kasuwar kayan Beljiyam ba kowa ke faɗa maka haka ba. Microsoft ta ce Windows 11 na son Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, da kuma TPM 2.0, wato wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, ta kuma daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Ba wai kwamfutocin za su mutu ba ne, sabunta tsaro na yau da kullum ne ya tsaya. Shawarata Baba, waɗanda ake buga takardu da fotokwafi da su a sa musu SSD su ci gaba da aikinsu, a rage jona su da intanet, amma wadda ake cike fom na JAMB da biyan kuɗi ta banki da ita, ita ce za ka canza da mai ƙarni na 8 ko sama. In za ka saya ka tafi da yaron shagonka ya buɗe Command Prompt ya rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da wani fayil, in ya buɗe shi zai nuna ƙarfin da batir ya zo da shi daga kamfani da wanda ya rage masa yanzu, sannan ya shafa wurin linzamin da hannu, in ya ji ya taso ko murfin ƙasa ya buɗe baki to batirin ya kumbura, a ajiye ta a ɗauko wata.